Sojan Gona a Gaban Kotun Ƙoli: Yadda Ƙaryar Mutum Ɗaya Ta Sauya Dokar Lambobin Yabo a Amurka

Mutumin da wannan nazari ya bi sawunsa bai taɓa sa kaki ba, bai taɓa kwana a bariki ba. Zaɓaɓɓen wakili ne a wata ƙaramar hukumar ruwan sha da ke gabas da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Sunansa yana cikin takardun kotu, amma za mu bar shi da "mutumin", domin abin da ya dame mu shi ne dokar da aka kama shi da ita, da yadda ta kare a hannun alƙalai. Maganar da ya yi, ta ƙaryar cewa an ba shi lambar yabo mafi girma ta soja, ba ta kai minti ɗaya ba. Shari'ar da ta haifar ta ci shekara biyar.

Asalin dokar: 1782 zuwa 1994

Lambar yabo mafi girma a rundunar sojan Amurka ita ce wadda suke kira Medal of Honor. An ƙirƙiro ta ga sojan ruwa a 1861, ga sojan ƙasa a 1862, lokacin yaƙin basasarsu. Tauraro ne mai tsini biyar da ake ratayawa a wuya da ƙyalle shuɗi mai haske, a jikinsa akwai fararen taurari 13. Daga wancan lokaci zuwa yau mutum 3,500 da 'yan kai ne suka samu, kuma tun daga Yaƙin Duniya na Biyu fiye da rabin waɗanda aka ba ba su rayu sun gan ta ba, iyalansu aka miƙa wa.

Damuwa da masu sojan gona ta girmi lambar kanta. A watan Agustan 1782 George Washington, babban kwamandan sojan Amurka na lokacin, ya fitar da umarnin da ya kafa alamomin girmamawa ga sojojinsa, kuma a cikin umarnin ya yi gargaɗin cewa duk wanda ya yi tsaurin idon sa alamar da bai cancanta ba zai sha hukunci mai tsanani. Sai dai wannan umarnin bariki ne, bai shafi farar hula ba.

Bayan yaƙin basasa ƙungiyoyin 'yan mazan jiya suka riƙa buga wa mambobinsu alamomi masu kama da lambar sak, har mai kallo ba ya iya bambancewa. Dabarar farko da aka yi ta kasuwanci ce. A 1904 Janar George Gillespie ya sake fasalin lambar sojan ƙasa, ya yi mata rajistar haƙƙin mallaka, ya miƙa haƙƙin ga gwamnati don kada wani maƙeri ya kwaikwaya. Rajistar ta shekara 14 ce, ta ƙare a 1918. Sai a 1923 majalisa ta yi doka ta musamman da ta haramta abu uku ba tare da izini ba: ƙera lambobin soja, sayar da su, da sanya su. Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce dala 250 ba, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. A 1994 aka tsananta hukuncin kan Medal of Honor kaɗai, ya koma ɗaurin shekara guda da tarar da za ta iya kaiwa dala 100,000, aka kuma hana ko da musayarta da wani abu.

A ɓangaren ƙira, akwai ofishin sojan ƙasa mai kula da tambura da alamomi a barikin Fort Belvoir na jihar Birjiniya. Shi ke tantance kamfanonin da za su buga lambobi da aninai da alamomin kafaɗa, ya ba su samfurin gwamnati, ya ba kowane kamfani hatiminsa da zai buga a bayan kayan don a san daga inda suka fito. Yawancin lambobi ana iya sayensu a shagon kayan soja, domin tsohon soja yakan ɓatar da tasa ya nemi madadi. Medal of Honor ba ta cikin waɗanda ake sayarwa ko kaɗan.

Ɓaraka daga gidan maƙera: 1995 zuwa 1996

A 1995 wani jami'in FBI mai suna Tom Cottone ya shiga kasuwar baje kolin tsofaffin kayan soja a jihar New Jersey, ya tarar da Medal of Honor a kan teburi, ya biya kuɗi ya saya. Da aka duba sai aka ga ba jabu ba ce irin ta bayan gida. Daga injin da ake buga ta gaskiya ta fito. Bincike ya kai ga Lordship Industries na jihar New York, kamfanin da gwamnati da kanta ta ba kwangilar buga lambar. A Disambar 1996 kamfanin ya amsa laifin sayar da guda 300 ta bayan fage tsakanin 1991 da 1994, kowace a kan dala 75. Aka ci shi tarar dala 80,000, ya mayar da dala 22,500 da ya samu, aka kuma hana shi kwangilar gwamnati.

A nan dokar 1923 ta yi aikinta, domin akwai ƙarfe, akwai ciniki, akwai rasit. Amma a daidai wannan lokaci wani alƙali a jihar Illinois da ya daɗe yana cewa yana da lambar har guda biyu ya tsira ba tare da tuhuma ba. Ya ajiye muƙaminsa a 1995 bayan asirinsa ya tonu, sai dai masu gabatar da ƙara ba su da abin kama shi da shi: dokar ta hana sanyawa da sayarwa, ba ta hana mutum ya ajiye lamba a ofis ko ya yi ta faɗa da baki ba.

Doka ta koma kan baki: 2004 zuwa 2006

Wannan giɓi ne wata ɗaliba a jami'ar jihar Kolorado da ke Pueblo, Pam Sterner, ta rubuta takardar makaranta a kansa a 2004. Mijinta Doug tsohon sojan Amurka ne da ya yi yaƙin Biyetnam, ya kuma shafe shekaru yana tattara sunayen masu lambobin gaskiya. Takardar ta isa hannun ɗan majalisar yankin, John Salazar, ya mayar da ita ƙudiri a 2005. Shugaba George W. Bush ya sa hannu ranar 20 ga Disamba, 2006. Sunan dokar, in an fassara, shi ne Dokar Satar Jarumta.

Sabon sashen gajere ne. Duk wanda ya ce, da baki ko a rubuce, an ba shi wata lambar soja alhali ba a ba shi ba, ya yi laifi: ɗaurin wata shida, ko shekara guda in lambar tana cikin manya, irin su Medal of Honor da Silver Star da Purple Heart wadda ake ba waɗanda aka raunata ko aka kashe a fagen fama. Dokar ba ta nemi a nuna cewa maƙaryacin ya ci wani abu da ƙaryarsa ba, ba ta nemi a nuna wanda ya cutu ba, ba ta kuma bambanta taron jama'a da hirar cikin ɗaki ba.

Ranar 23 ga Yuli, 2007

A wani zaman hukumar ruwa aka ba sabon wakilin dama ya gabatar da kansa. Ana naɗar zaman a faifai kamar yadda aka saba. Ya ce shi tsohon sojan kundumbala ne da ya yi shekara 25 yana aiki, ya yi ritaya a 2001, an ba shi Medal of Honor a 1987, kuma mutum ɗaya ya sha raunata shi. Babu wanda ya tambaye shi tarihin soja, kuma babu wani kuɗi ko alfarma da yake nema a wurin. An riga an zaɓe shi.

Ba ranar ya fara ba. Ya taɓa cewa ya buga wasan hoki a ƙungiyar Detroit Red Wings, ya taɓa cewa ya auri wata tauraruwar fim 'yar Meziko, ya ce shi ya ceto jakadan Amurka lokacin rikicin garkuwa da mutane a Iran, har aka harbe shi a baya da ya koma ɗauko tuta. Wata mata da ta ji irin waɗannan labarai daga bakinsa ta riga ta sanar da FBI tun kafin zaman.

Shekarar da ya zaɓa ita kanta ta isa ta tona shi. Tsakanin ƙarshen yaƙin Biyetnam da faɗan Mogadishu na ranar 3 ga Oktoba, 1993, babu wani gumurzu da aka ba wani wannan lamba a kansa. Na Mogadishu kuwa mutum biyu ne, Gary Gordon da Randy Shughart. Suna cikin jirgi mai saukar ungulu suna kallon wani jirgin nasu da aka harbo, babu dakarun da za su isa wurin da wuri. Sau uku suna neman izinin a sauke su kafin a yarda. Suka sauka su biyu, suka ciro matuƙin, Michael Durant, daga cikin tarkace, suka kare shi har harsashinsu ya ƙare aka kashe su. Durant ya rayu. Matansu ne suka karɓi lambobin a 1994. Irin wannan layi ne mutumin ya cusa kansa a ciki.

Tuhuma da hukunci: 2007 zuwa 2009

FBI ta karɓi faifan zaman. A Satumbar 2007 aka gurfanar da shi a kotun tarayya, kuma shi ne na farko da aka tuhuma da sabon sashen. Lauyoyinsa, waɗanda gwamnati ke biya don kare marasa hali, ba su musanta cewa ya yi ƙarya ba. Suka ce dokar ce ta saɓa wa gyaran fuska na farko na kundin tsarin mulki, wanda ya hana majalisa tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Alƙali ya ƙi korar ƙarar. A 2008 mutumin ya amsa laifi bisa sharaɗin zai ɗaukaka ƙara kan halaccin dokar. Aka yanke masa ɗaurin talala na shekara uku, tarar dala 5,000, da aikin hidimar jama'a na awa 416.

Wannan hukunci bai raba shi da kujerarsa ba. Abokan aikinsa sun yi tir da shi, 'yan mazan jiya sun riƙa zuwa zaman hukumar suna neman ya sauka, jaridun yankin sun yi masa ca, ya ƙi. Abin da ya fitar da shi wata shari'a ce daban a kotun jiha: ya sa tsohuwar matarsa cikin inshorar lafiya ta hukumar a matsayin matarsa, alhali sun daɗe da rabuwa. A 2009 aka same shi da laifin zamba da cin dukiyar jama'a, aka ɗaure shi shekara biyar.

Ɗaukaka ƙara: 2010 zuwa farkon 2012

Yana gidan yari ƙararsa ta ci gaba. Ranar 17 ga Agusta, 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yammacin ƙasar ta soke dokar da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya. Mai shari'a Milan Smith ya ce in aka yarda gwamnati na iya hukunta magana don kawai ƙarya ce, to babu abin da zai hana ta hukunta wanda ya rage shekarunsa ko ya ƙara tsawonsa a Facebook, ko wanda ya ce wa mahaifiyarsa ba ya shan taba. Gwamnati ta nemi cikakken zaman kotun ya sake dubawa, aka ƙi a Maris 2011.

A Kolorado an yi wata shari'ar mai kama da wannan, ta wani da ya kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji yana cewa an raunata shi a Iraƙi. A can kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan dokar a Janairun 2012. Doka ɗaya ta zama halal a wani yanki, haram a wani. Kafin nan Kotun Ƙoli ta riga ta karɓi ƙarar Kalifoniya, ta saurari ɓangarorin ranar 22 ga Fabrairu, 2012.

Babban lauyan gwamnati Donald Verrilli ya ce lambar yabo darajarta tana cikin ƙarancinta, kuma kowane maƙaryaci yana rage mata kima a idon jama'a. Lauyan mutumin, Jonathan Libby, ya sha matsa. Da mai shari'a Elena Kagan ta tambaye shi wace magana ta gaskiya ce dokar za ta tsorata mutane su fasa faɗa, ya amince cewa ba lallai ne akwai ba. Da yawa daga masu sauraro sun fita suna ganin gwamnati ce za ta yi nasara.

Hukuncin 28 ga Yuni, 2012

Hukuncin ya fito rana ɗaya da na dokar inshorar lafiya ta Obama, shi ya sa bai samu kanun labarai sosai ba. Alƙalai shida suka soke sashen, uku suka ƙi.

Anthony Kennedy, wanda ya rubuta a madadin huɗu, bai wanke mutumin ba. Ya buɗe da cewa ƙarya ɗabi'arsa ce, ya kira maganarsa yunƙuri abin tausayi na neman mutuncin da ya gagare shi. Amma ya ce ƙaryar da doka ta saba hukuntawa ita ce mai haɗe da cuta sananniya: damfara, ɓata suna, rantsuwar zur a kotu, yin sojan gona da sunan jami'in gwamnati. Wannan doka kuwa ta kama magana tsurarta, ko da raɗa ce a cikin gida. Ya ƙara da cewa gwamnati ba ta kawo shaidar cewa darajar lambar ta ragu ba, kuma abin da ya sami mutumin a garinsa ya nuna jama'a na iya ƙaryata maƙaryaci da kansu. Maganin ƙarya, in ji shi, gaskiya ce, kuma da gwamnati ta buɗe rajistar masu lambobi a intanet da kowa ya duba. Stephen Breyer da Kagan sun yarda a soke, amma ta wata hanya: sun ce majalisa na iya sake rubuta doka mai ƙunci wadda ta tsaya kan ƙaryar da ke jawo cuta ko riba.

Samuel Alito, tare da Antonin Scalia da Clarence Thomas, ya ce annoba ce ake fama da ita. Ya kawo misalin cewa a shekara guda sama da mutum 600 a jihar Birjiniya sun yi iƙirarin Medal of Honor, kuma a wani shirin tattara tarihin 'yan mazan jiya na ɗakin karatu na majalisa, cikin mutum 49 da aka rubuta suna da lambar, 24 ba su da ita. Game da rajista kuwa, ma'aikatar tsaro ta riga ta ce cikakkiya ba za ta yiwu ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne gobarar Yulin 1973 a ma'ajiyar takardun soja ta St. Louis, wadda ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18.

Gyara: 2012 zuwa 2016

Wata guda bai cika ba, ranar 25 ga Yuli, 2012, ma'aikatar tsaro ta buɗe shafin rajistar. Ta fara da waɗanda suka samu Medal of Honor a yaƙe-yaƙen bayan 11 ga Satumba, 2001, daga baya ta ƙara wasu manyan lambobin.

Majalisa ta bi shawarar Breyer. Joe Heck na jihar Nevada ya kawo sabon ƙudiri, majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 390 a kan 3, Shugaba Obama ya sa hannu ranar 3 ga Yuni, 2013. Yanzu laifin shi ne mutum ya yi iƙirarin ɗaya daga cikin manyan lambobi da niyyar samun kuɗi, dukiya, ko wani amfani na zahiri, kuma hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara guda ba ko tara. Dokar ta kuma cire kalmar sanyawa daga tsohon sashen. A Janairun 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta yamma ta soke hukuncin wani tsohon soja daga Idaho da aka kama tun da farko da sanya lambobin da ba nasa ba, ta ce rataya lamba a ƙirji magana ce kamar ta baki. Haramcin ƙerawa da sayarwa ba tare da izini ba yana nan, babu kotun da ta taɓa shi.

Abin da ya ci da abin da bai ci ba

In aka jera matakan, waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne masu abin kamawa a hannu. Dokar ƙira da ciniki ta kama Lordship saboda akwai lambobi 300 da kuɗin da aka karɓa. Dokar zamba ta jiha ta raba mutumin da kujerarsa saboda akwai takardar inshora da ya sa wa hannu. Dokar 2013 ta tsira saboda ta koma kan abin da maƙaryaci ya ci. Wadda ta faɗi ita ce ta 2006, kuma ko lokacin da take raye ba ta hana mutumin zama a hukumar ruwa ba.

Ina ganin kotun ta yi daidai, kuma ban faɗi haka da sauƙin zuciya ba. Matar da aka miƙa wa lambar mijinta a cikin akwati tana da haƙƙin jin zafi in ta ga wani yana cin mutunci da abin da mijinta ya biya da ransa, kuma Alito ya yi gaskiya da ya ce wannan cuta ce ko da ba a iya auna ta da kuɗi. Inda na rabu da shi shi ne kan wanda za a damƙa wa wuƙar. Ikon ɗaure mutum kan magana tsura, in ya shiga hannun hukuma, ba ya tsayawa kan sojan gona. Wanda ya ga yadda ake amfani da dokokin labaran ƙarya a kan 'yan jarida a ƙasashe da dama ya san inda wannan hanya take ɓullewa.

Laifin da na fi gani na ma'aikatar tsaro ne. Ta shafe shekaru tana cewa rajista ba za ta yiwu ba, sannan ta buɗe ta cikin kwana 27 bayan hukunci. Gobarar St. Louis uzuri ce ga ƙananan lambobi na tsofaffin yaƙe-yaƙe, amma sunayen masu Medal of Honor ba su taɓa ɓata ba, ƙungiyarsu da mutane irin su Doug Sterner suna riƙe da su tun tuni. Kennedy ma ya ɗan yi sauƙin baki da ya ce jama'a za su ƙaryata maƙaryaci da kansu, domin jama'a ba sa iya ƙaryata abin da ba su da inda za su duba, kuma rajistar da aka buɗe har yanzu manyan lambobi kawai ta ƙunsa. Mai iƙirarin Purple Heart daga yaƙin Biyetnam, in bai nemi ko sisi ba, doka ba ta da abin yi masa, kuma wanda ke son tantance shi sai ya rubuta wa ma'ajiyar St. Louis ya zauna jiran amsa.